Akwai Kufai a Gonarka?

Rifkatu, Ishaku, da ke auta Talatu, ku ajiye wayoyin nan naku ku karanta wannan babin a tsanake, don ba zan maimaita ba. Na san abin da ake faɗa muku in kun je biki Doma. Na san 'ya'yan kawunku sun sha gaya muku cewa uwarku ce ta ɗauki rabin gonar kakanku ta miƙa wa wasu, wai don ta yi boko kanta ya kumbura. Ku kuma ba ku taɓa tambayata ba, sai ku dawo gida kuna sunkuyar da kai kamar ku kuka yi laifin. To ku ɗaga kanku. Rabin gonar ya tafi, wannan gaskiya ne, kuma da hannuna a ciki. Amma ban sayar ba, ban bayar don neman suna ba, kuma da za a mayar da ni shekarar nan, abin da na yi shi zan sake yi.

Da aka ba mu jiha, an kwaso mu daga Jos aka zube mu a Lafiya, mu da kujerunmu da fayil-fayil ɗinmu. Ni aikina ƙididdiga ne: a kawo mini lambobi a hargitse, in zauna in tsefe su har su faɗi magana. Muka kama gida a Bukan Sidi, wanda kuka taso a ciki. Lokacin Baba ya riga ya rasu, gonarsa da ke wani ƙauye bayan Doma tana hannun yayana Danjuma. Mu biyu kaɗai uwarmu ta bari. Shi ya bar makaranta don ni in ci gaba, kuma bai taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya. Duk shekara in doya ta fito, kafin ya kai ko guda ɗaya kasuwa sai ya ɗaura buhu a bayan mashin ya kawo mini har ƙofar gida. Doyar tudu ce, ta saman gonar, inda ƙasa take baƙa mai taushi. Ba a doya irinta a yankin nan, kuma ba don ta gidanmu ba ce nake faɗa.

A shekara ta uku da dawowarmu aka turo mini wani Dakta daga wata jami'a, mai binciken tarihin da ke binne a ƙasa. Dogo ne siriri, takalminsa kullum jajawur da ƙasa, in yana magana sai ka ce wa'azi yake yi. Ya shimfiɗa taswira a teburina, da ɗigo-ɗigo na jan biro a kanta.

"Madam Ladi," ya ce, "kowane ɗigo wuri ne da muka sami tsohon mazauni, ko inda aka narka tama aka yi ƙarfe. Garin nan na buɗewa, ana yanka filaye har Akurba, ana haƙar ƙasa ana cika tifa. Ƙafata biyu ce kawai. Ina so lissafinki ya gaya mini inda zan fara zuwa kafin a kwashe."

Na ce, "Dakta, ni ba boka ba ce. Lissafi ba ya cewa ga shi nan. Cewa yake yi nan ya fi can yiwuwa."

Ya ce, "Shi nake so. Boka ai na gwada, tsada gare shi."

Daga ranar na san za mu shirya.

Bari in gaya muku yadda aikin yake, don kawunku har gobe yana ɗauka wani siddabaru na yi. Na raba taswirar gida-gida kamar gidajen dara. Kowane gida na rubuta halinsa: nisansa da rafi, tudu ne ko kwari, irin ƙasarsa, akwai dutsen tama kusa ko babu, akwai tsofaffin kukoki ko babu. Sai in dubi gidajen da aka san akwai tsohon mazauni, in dubi sauran. Halin da ya yawaita a na farko ya yi ƙaranci a sauran, shi ke samun maki mai nauyi. Halin da yake ko'ina, ba ya samun komai. In an gama sai a bi gidajen da ba wanda ya taɓa dubawa, a tara wa kowanne makinsa, mai maki da yawa a shafa masa ja. Kwamfuta ɗaya ce a duk ofishin, ita ma sai an kawo wuta, don haka yawancin aikin da kalkuleta da fensir na yi shi. Da taswirar farko ta fito, na tsaya ina kallonta, sai dariya ta kama ni har masinja ya leƙo. Jan launin ya kama hanyar Doma ya miƙe sambal, ya kama hanyar Makurɗi ya miƙe. Na aika aka kira Dakta.

"Ina taya ka murna," na ce masa. "Mun gano cewa kakannin kakanninmu a bakin kwalta suka zauna, suna jiran motar kasuwa."

Bai yi dariya ba, kunya ce ta kama shi. Ɗigonsa duka a inda mota ke iya tsayawa suke. Ashe ba inda mutanen dauri suka zauna lissafin ya koya ba, inda Dakta ya taka ya koya. Muna bukatar labari daga cikin daji, daga gonakin da ba kwalta: inda akwai a ce akwai, inda babu a ce babu, don babun ma aiki gare shi, da shi ake gwada akwai. Dakta ya buga fom, aka raba wa malaman gona su bi ƙauyuka. Tambaya ɗaya ce babba a kai, da Hausa: "Akwai kufai a gonarka?" Kufai, in kun manta, shi ne wurin da mutane suka taɓa zama suka tashi. Na ga tambayar kafin a buga, na san illarta, amma na yi shiru. Wannan shirun shi ne laifina na farko a aikin nan, kuma na sani.

Fom suka dawo damtse-damtse. Babu. Babu. Babu. Wani ma har ya sa aka rubuta masa "babu sam". Dakta ya zauna yana juya su yana cewa ashe cikin dajin ba a zauna ba. Ni kuwa na san abin da ke ciki, domin a gidan da ake amsa babu aka haife ni.

Kakanmu daga dutse ya sauko, dagacin wancan lokacin ya nuna masa daji ya ce ya sare. Haka aka gaya mana, haka muke faɗa. Amma akwai gidan Baba Ari a hayin rafi, yarensu daban da namu, Hausa ce ta haɗa mu, su kuma tun ina ƙarama suke cewa tudun saman gonarmu nan kakanninsu suka zauna kafin wata annoba ta tashe su. Ba su da shaida sai baki. A wajenmu in ka ce akwai kufai a gonarka, to ka ce wani ya riga ka, ka buɗe wa jikokinsa ƙofa da hannunka. Saboda haka kalmar nan ba ta shiga gidanmu. In ana kunyar doya garma ta tono tsingaro, wato fasasshen tukwane, ko kuma kashin maƙera, baƙin dunƙulen nan mai ramuka da ake bari in an narka tama, Baba "duwatsu" yake ce musu. Ni ce mai tsince su a kwando. Ranar kasuwa, in ƙauye ya watse, sai mu kai su wani rami da ya haƙa a gindin kuka ta tsakiya cikin kukoki ukun da ke tudun, mu zuba, mu rufe. Na taɓa cewa, "Baba, wannan ai bakin tulu ne." Ya dube ni ya ce, "Dutse ne, Ladi. Maimaita." Na maimaita. A ramin nan silifata ja ta ƙafar hagu ta faɗa, aka rufe da ita ban lura ba, na sha duka a wurin uwata ranar, ban kuma iya faɗin inda ta ɓace ba.

Na kwashe fom ɗin na tura gaban Dakta na ce masa ya ba mai ƙosai ta ƙulle kaya. Na ce tambayar da muka yi daidai take da a tsayar da mutum a kasuwa a ce, gonar nan taka ce kuwa? Ya riƙe kai ya ce, to wa za mu tambaya? Na ce, wanda bai da gona a maganar. Abin da ya zo mini garmar Baba ce, da kullum take wurin gyara.

Ran kasuwar Doma muka je rumfar maƙera. Akwai wani tsoho a can, duk garmar ƙauyukan nan ta bi ta hannunsa. Na durƙusa na gaishe shi, ban ambaci kufai ba ko da wasa. Na ce, "Baba, garmar su wa ke yawan dawo maka da giɓi?"

Ya ajiye guduma ya ce, "'Yata, giɓi iri biyu ne. Dutse lanƙwasa bakin garma yake yi. Wancan baƙin abin kuwa ɓantare shi yake yi, kamar haƙorin mai cin ƙashi. In na riƙe garma, ko idona a rufe zan gaya miki gonar da ta fito."

Ya lissafo mana gonakin da garmarsu ke ɓantarewa, ya lissafo waɗanda sai shekara ta zagayo bai ga garmarsu ba. Muka bi sauran maƙera da tambayar nan. Muka tambayi Fulanin da ke zaune wajen rafi inda kofaton shanu ke tsagewa, da inda ciyawa ke riga ko'ina tsirowa in ruwa ya sauka. Ba wanda ya ɓoye mana komai, don ba wanda ya ji an taɓa gonarsa. Da za mu tashi daga rumfar tsohon nan ya ƙura mini ido ya ce, "Ke ba 'yar mai kuka uku ba ce? Allah ya ji ƙan babanki, garmarsa ta fi ta kowa ba ni aiki." Na ce amin. Wannan maganar ban rubuta ta ba. Na ce a raina, gonarmu ba za ta shiga lissafin ta bakina ba, in lissafin gwani ne ya nemo ta da kansa. Gaskiya kuma, addu'a nake yi kada ya nemo.

Na sake aikin daga tushe. Wannan karon na ware wasu wuraren da muka tabbatar, na kulle su a aljihun tebur, ban bari lissafin ya gan su ba, don in jarraba shi da su daga baya. Da sabuwar taswirar ta fito, jan ya bar kwalta. Ya koma kan tuddai masu kallon ƙananan rafuffuka, kusa da ruwa amma inda ambaliya ba ta kai, da dutsen tama a nan kusa. Na buɗe aljihun tebur na ɗora waɗanda na ɓoye: yawancinsu suka faɗa cikin ja. Na yi guɗa a ofis, ni matar aure da 'ya'ya uku. Ban taɓa jin daɗin aikina kamar ranar ba. Sai na bi jerin makin daga sama don in rubuta wa Dakta inda zai fara zuwa, na ɗora yatsa a gidan da ya fi kowanne, na bi rafin da ido, na ga inda ya karya kwana. Gonarmu ce, tudun mai kuka uku.

Ban kai wa Dakta ba sai da na je wurin Yaya. Na same shi a gona tsakar rana yana kafa wa doya sanda. Na shimfiɗa taswirar a kan kunya na yi masa bayani. Ya saurara har na gama, sannan ya share gumi.

"Wannan takarda naki, wa ya gani?"

"Ba kowa, Yaya."

"To da fensir kika rubuta ko da biro?"

"Da fensir."

"Shi ke nan. Fensir ai yana gogewa. Ki rage lamba. Ki ce rafi ya yi nisa, ki ce kuka biyu ne. Wa zai zo ya ƙirga?"

Na ce, "Yaya, in na goge wannan, sauran duka sun zama ƙarya. Da wane ido zan ce a je gonar wani a duba, alhali na ɓoye tamu?"

Ya ce, "Da idon da kika yi karatu da shi. Doyan tudun nan ne ya kai ki makaranta, Ladi. Ba na gori, amma yau zan faɗa. Yarana shida. In Ari ya ji gwamnati ta shafa ja a nan, me zan ba su?"

Har yau ban ce tambayarsa ba ta da nauyi ba. Na dawo Lafiya. Kwana uku taswirar na cikin jakata. Babanku, Allah ya ba shi hutawa, ba mai yawan magana ba ne, amma da ya ga ina tuƙa tuwo ina zagin tukunya sai ya ce, "Ladi, ke fa na san ki. In kika goge, mu za mu sha wahala a gidan nan, don ba za ki sake barin kowa ya zauna lafiya ba." Na harare shi, amma gaskiya ya faɗa. Na yi shekaru ina faɗa da manya a ofis a kan kada a ƙara sifili inda babu, har ana ce mini mai taurin kai. Ga kuma mutanen da suka ba mu labarin garmarsu da zuciya ɗaya, gonakinsu sun shiga ja, ba su da 'yar'uwa mai fensir. Ran Litinin na bi lambobin da biro, na miƙa. Abu ɗaya na roƙi Dakta, kada a ba kowa taswirar sai masu binciken. Ya yi alkawari, ya kuma cika. Sai dai mutum ba ya shiga ƙauye da ma'auni da leburori a ce ba a gani ba.

Da kaka, bayan an cire doya, Dakta ya nemi izinin dagaci da na Yaya. Yaya bai hana ba, don hanawar ma magana ce. Ya tsaya can gefe ya harɗe hannu. Baba Ari ya hayo rafi da sandarsa da 'ya'yansa, suka tsaya a ɗaya gefen. Ni ina tsakiya da littafin rubutu. Tun kafin a sa shebur Dakta ya fara tsintar tsingaro a saman ƙasa yana murna. Ya zagaya ya zagaya, sai ya ga wani wuri a gindin kuka ta tsakiya da ƙasar ta ɗan lotsa, ya ce a nan za a fara. Daidai kan ramin Baba. Ba a yi nisa ba suka faɗa kan tarin tsingaro da kashin maƙera, cunkus, fiye da duk abin da ya taɓa gani a wuri ɗaya. Mutumin nan har rawa ya taka. Ya ce wannan jujin mutanen da ne, a nan suke zubar da shara, zai rubuta shi a littafi duniya ta karanta. Ana cikin haka wani lebura ya zaro wani abu daga can ƙasan tarin, ya kaɗe. Silifa ce ta roba, ja, ta ƙafar hagu, ta yarinya.

 Dakta ya juya ta a hannu, ya fara neman yadda zai kare jujinsa. Ya ce wataƙila ɓera ko gafiya ce ta ja ta ciki. Na dubi Yaya, ya girgiza mini kai a hankali, sau ɗaya. Da na yi shiru, da gafiya ta ɗauki laifin, Dakta ya rubuta ƙarya da sunansa, kuma lissafina ne ya kawo shi wurin. Na ji muryar Baba yana cewa maimaita. Shekarata kusan arba'in a lokacin, na ce a raina na gama maimaitawa.

"Dakta," na ce, "ba gafiya ba ce. Takalmina ne. Ramin nan babana ya haƙa, ni na zuba abin da ke ciki da kwando. Daga ko'ina a tudun nan muka tsinto su. Kada ka rubuta juji."

Baba Ari bai yi ihu ba, bai yi murna ba. Ya tako a hankali ya tsuguna a bakin ramin, ya ɗauki wani bakin tulu mai zane, ya shafa shi da babban yatsa, sai hawaye. Ya ce, "Shekara nawa ana ce mini maƙaryaci." Da na waiga, Yaya ya riga ya kama hanyar gida.

A zaman da aka yi gaban dagaci, Dakta ya faɗi iyakar abin da ya sani. Ya ce an zauna a tudun, an narka ƙarfe, amma shi ba zai iya cewa kakannin wane ba ne, mai yiwuwa ma sun girmi gidajen biyu. Ni ma aka tambaye ni, na ce lissafina bai san sunan kowa ba. Amma dattawa suka ce wanda ya binne abu ya san abin da yake binnewa, kuma a kan wannan suka yanke. Tudun ya koma gidan Baba Ari, da sharaɗin ba za a taɓa gindin kukokin ba. Gangaren, har zuwa rafi, aka tabbatar wa Yaya da 'ya'yansa a rubuce, abin da ba mu taɓa samu ba tun zamanin kakanmu. Sai dai kada in yi muku daɗin baki: gangaren ba ya ba da doya kamar tudu. Kawunku ya sha wuya. Manyan 'ya'yansa biyu sun bar makaranta sun shiga aikin mashin a Lafiya, kuma in na gan su a bakin hanya har yau ƙirjina na yi mini zafi. Na nemi in ɗauki karatunsu, ya aiko mini da cewa ba ya so.

Doya ta daina zuwa. Shekarar farko ke Rifkatu kika tambaye ni ina buhun kawu, na ce mashin ɗinsa ya lalace. Na je gaisuwa, matarsa ta ce ya fita, alhali ga takalminsa a ƙofar ɗaki. Mun haɗu a jana'iza a coci, na ce, "Yaya, ina kwana," ya dubi bango. Shekara shida muna haka. Na yi kuka ba sau ɗaya ba, ba na ɓoyewa. Amma ko sau ɗaya ban ce da ma na goge ba. Taswirar nan ta yi aikinta: akwai tuddan da aka riga masu tifa isa saboda ita, an auna, an rubuta, wasu an kewaye su. Kuma duk wanda na ce masa gonarsa ta faɗa cikin ja, na iya kallonsa ido cikin ido.

Wata ranar Asabar da hantsi ina wanki a tsakar gida, na ji mashin ya tsaya a ƙofa. Na san ƙarar mashin ɗin nan ko a cikin dubu. Yaya ya shigo, ya rame, gemunsa ya yi fari. Bai gaishe ni ba. Ya sauke buhu a gabana, ya kwance baki, ya zazzage. Ba doya ba ce. Tsingaro ne da kashin maƙera, da ƙasarsu ɗanya.

"Taswira naki," ya ce, "wane launi kika shafa wa gangare?"

"Ban shafa komai ba, Yaya. Makinsa kaɗan ne. Ambaliya na kai wurin."

"To lissafin ki ya yi ƙarya. Wajen tsamiya na haƙa rijiya, ga abin da ya fito. Da rafi ba nan yake bi ba, Baba ya taɓa gaya mini. Ke da bokonki ba ki sani ba."

Na tsuguna na ɗauki guda, hannuna da kumfar sabulu. Bakin tulu ne. Gaskiyarsa ce, lissafina ya auna nisa daga rafin yau, ba na da ba. Kuskure ne babba, kuma ba gonarmu kaɗai ya shafa ba, daga baya sai da na sake duk gidajen da ke bakin ruwa. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Gangaren nan shi ne abin da ya rage masa a duniya. Yana da rijiya a buɗe, da kwando, da ranar kasuwa. Ya san yadda ake binne su, tare aka koya mana.

Na ce, "Yaya, ka san in na rubuta wannan..."

"Na sani," ya ce. "Na kira Ari ya gani tun jiya. Ya ce wannan ba nasu ba ne, nasu a tudu ya tsaya. Ko da ya ce nasu ne, na gaji da binne duwatsu. Ina fom ɗin nan naku?"

Ina da sauran su a akwati, waɗanda mai ƙosai ba ta samu ba. Na ɗauko ɗaya, na goge hannu a zane, na zauna a kan turmi. Na karanta masa tambayar kamar yadda aka buga ta.

"Akwai kufai a gonarka?"

Ya dube ni, karo na farko a shekara shida.

"Akwai," ya ce. "Rubuta da biro."

Fom ɗin yana cikin Littafi Mai Tsarki na, wanda ke kan durowa. Duk fom ɗin da muka raba a ƙasar Doma, shi kaɗai ne aka amsa akwai, kuma da sa hannun kawunku a ƙasa. In kun je biki aka sake tare ku da maganar gona, kada ku yi musu da kowa. Ku ɗauke shi ku tafi da shi, ku ba 'ya'yansa su karanta. Da na raka shi ƙofa ranar, sai na ga ashe akwai buhu na biyu, na doya, ɗaure a bayan mashin. Ya kwance ya jingine shi da bango ya ce, "Na gangare ne, ba ya kai na tudu daɗi." Ku kuka cinye ta a kwana huɗu, ba wanda ya ce ta canza.